Kafin ku shimfiɗa leda a ɗaki, ku fara duba daɓen



Damina ta yi sallama, hunturu ya kunno kai, kun kuma san abin da hakan ke nufi a garuruwanmu: lokacin bukukuwa ya zo. Daga yanzu har ƙarshen Disamba iyaye mata za su yi ta kai da komo tsakanin gida da kasuwa ana haɗa kayan ɗaki. Za a yi cinikin gado da kujeru har murya ta dushe, a kwashe kwana uku ana zaɓen labule. Amma leda, wadda ita za a taka kullum, a kanta kuma jariri zai koyi zama da rarrafe, sai a bar ta sai ranar jere, a ba yaro kuɗi a ce ya ruga ya sayo wadda ta shiga da kalar labule.

Ni ma na taɓa yin wannan gangancin, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna a kansa a wannan mako.

Bara waccan, cikin watan Afrilu, muka je jeren 'yar yayata a Jos Jarawa. Ciki da falo ne sababbi, ango ya yi ta fama har ya kammala. Kwana tara ke nan da magini ya gama daɓen siminti. Ga ido ya bushe, ya yi fari tas. Muka share, muka shimfiɗa leda mai zanen tayil, muka bi gefe-gefe da gam, aka ɗora gado da durowa, aka yi guɗa aka watse. Allah Ya ba su haihuwa. Da daminar bara ta yi nisa, yaron ya fara rarrafe, sai uwar ta kira ni: "Anti, murar yaron nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ga tari da dare. Mun je asibiti sau uku, yau likita yake tambayata ko ɗakinmu yana da danshi, na ce masa ni ban ga ruwa ko'ina ba."

Da na je, tun daga bakin ƙofa hancina ya ba ni amsa, duk da turaren wutar da ta sa. Muka ja gadon, na ɗaga kusurwar ledar. Ƙasan ya yi baƙi ƙirin, ga yauƙi, ga fumfuna, ga kyankyasai suna gudu. Wata goma sha shida suna kwana a kan wannan, saman kuwa sai ƙyalli yake, don yarinyar akwai tsafta. Ban ce wannan ne kaɗai ya kawo wa yaron tari ba, yaran Jos da mura sai a hankali. Amma bayan an yaye ledar, an bar ɗakin ya sha iska, an kuma gyara inda ruwan indararo ke kwantawa a gindin bango, zuwa asibitin ya ragu sosai.

Kada ku ɗauka ina kushe leda ne. Duk wanda ya san Jos ya san dalilin da ya sa take da farin jini. Garin yana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko zuwa wajen digiri 10 ko 11. Wanda ya taɓa sauko da ƙafa daga gado da asuba ya taka tayil a irin wannan lokaci, ya san kamar ƙanƙara ya taka. Leda ta fi tayil da tsurar siminti sauƙin sanyi. Ta fi araha. Ɗan haya zai iya naɗe abarsa ranar tashi. Idan yaro ya yi fitsari ko ya zubar da koko, tsumma ɗaya ya wadatar, ba kamar kafet ba da ke shanye komai ya riƙe ƙura, abin da masu asma ba sa shiri da shi. Matsalar ita ce leda ba ta numfashi, duk abin da ta rufe ta rufe ke nan.

Iyayenmu da kakanninmu da suka yi daɓe na gargajiya, mata su taru da madaɓi suna bugun tsakuwa ana yayyafa ruwan makuba, ɗakinsu yana fitar da danshinsa ya bi iska. Siminti ma haka yake yi idan an bar shi a buɗe. Sabon daɓe yana ɗauke da ruwa mai yawa a cikinsa ko da samansa ya yi fari. Ƙiyasin da masana gini ke amfani da shi shi ne, kowace milimita ɗaya ta kaurin daɓe tana buƙatar kusan kwana ɗaya kafin ta bushe, wato daɓe mai kaurin santimita biyar yana neman kusan wata biyu, idan kuma damina ce ya fi haka. Mu kwana tara muka ba shi.

Ko tsohon ɗaki ma bai tsira ba. Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, ya kuma fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Gidaje da yawa an gina su ne a gangare ko a gindin duwatsu, inda ruwa ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, kuma ba kowane magini ke shimfiɗa baƙar leda mai kauri kafin ya zuba kankare ba, alhali ita ce ke tare danshi daga tasowa. Mazauna unguwannin da ke bakin rafi, irin su Rikkos da Gangare da ambaliyar watan Yulin 2012 ta yi wa mummunar ɓarna, sun fi kowa sanin yadda ƙasa ke riƙe ruwa bayan sama ta ɗauke.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko sisi. Ku samu farar leda mai shara-shara, ku yanko kamar kamu biyu a tsaye kamu biyu a kwance, ku shimfiɗa a kan daɓen, ku manne duk gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ku yi haka a wuri biyu ko uku, musamman kusurwar da ke jikin bangon waje da wadda ke makwabtaka da banɗaki. Ku bar ta kwana ɗaya cur. Idan kun ɗaga kuka ga gumi a jikinta, ko simintin wurin ya yi duhu fiye da sauran, to ɗakin bai shirya karɓar leda ba. A nemo inda ruwan ke fitowa tukuna: indararo ne, ko bututun banɗaki, ko kwatar maƙwabta. Kai maigida, wannan aikinka ne, ba na 'yan jere ba. Idan gidan haya ne, ka yi gwajin kafin ka biya kuɗin shekara.

Me ya sa na dage a kan danshi? Saboda a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta tabbatar da cewa masu zama a ɗaki mai danshi sun fi fuskantar tari da shaƙewar ƙirji da tashin asma da cututtukan numfashi. Sannan akwai abin da ba a cika sani ba: jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, yana cin gam da bayan ledar a hankali, sai su riƙa fitar da wani wari mai hawa kai. Wannan warin ne uwargida ke bi da turare tana zaton rashin buɗe taga ne.

Ga waɗanda ɗakinsu ƙasa ce tsura babu siminti, shawarata ita ce kuɗin ledar su tafi ga buhun siminti tukuna. A ƙasar Meziko, gwamnati ta fara wani shiri a shekarar 2000 a Jihar Coahuila na yi wa talakawa daɓen siminti a maimakon turɓaya. Masu binciken da suka bi diddigin shirin sun gano cewa a gidan da aka daɓe gaba ɗaya, tsutsar ciki a jikin ƙananan yara ta ragu da kusan kashi 78 cikin 100, gudawa kuma da kusan rabi. Leda a kan turɓaya ba za ta yi wannan aiki ba. Wata biyu ta huje, ƙasa ta riƙa bullowa, ƙuma da tururuwa su samu gida.

To, daɓe ya bushe, ya yi sumul, an cike ramuka an kankare tsinin siminti, domin ko ƙaramar tsakuwa aka bari a ƙasa sai ta huda leda. Yanzu sai kasuwa.

Tun bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002, 'yan kasuwa da dama suka bazu a titunan da ke kewaye, irin su titin Ahmadu Bello, kuma sau da yawa za ku tarar da bandir-bandir na leda a jingine a waje rana na dukansu. Zafin rana yana busar da leda ya kashe mata kala, don haka idan naɗin farko ya kode, ku ce a warware a yanko muku daga ciki.

Duk ledar ɗaki da roba ɗaya ake yin ta, wadda ake kira PVC. Ba katin zaɓe nake nufi ba, irin robar bututun ruwa da silin ɗin zamani. Ita wannan roba asalinta tauri gare ta, sai an zuba mata sinadaran tausasawa kafin ta yi laushin da za a iya naɗe ta. Abin da za ku tarar a kasuwa bai wuce iri huɗu ba. Akwai siririya ta yadi, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, ita ce ta 'yan makaranta da masu ƙaramin ƙarfi. Akwai mai kauri wadda bayanta ke da soso ko wani abu kamar bargo, ta fi taushi da ɗumi. Akwai 'yan falle-falle masu gam a baya da ake ɓare takarda a manna. Sai kuma ta zamani mai kama da katako, falanki-falanki masu shiga juna ba tare da gam ba, wadda 'yan kasuwa ke kira SPC. Ita an haɗa robar ne da garin dutse, shi ya sa take da tauri, kaurinta kan kai milimita huɗu zuwa shida, kuɗinta kuma ya kusa kamo na tayil.

In kun tambaye ni, ga ɗakin kwana na mai matsakaicin ƙarfi a gari mai sanyi irin Jos, mai kaurin nan ta biyu ta fi. Amma ku lura, mai bayan bargo tana shan ruwa, ba ta dace da kicin ko ƙofar banɗaki ba. Masu gam a baya kuwa ban cika son su ba, da zarar danshi ko sanyi ya taɓa gam ɗin sai kusurwoyi su fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Siririyar, idan ita aljihu ya iya, a saya da sanin cewa ta shekara ɗaya ce ko biyu, kada a manne ta da gam, don a samu damar ɗagawa a duba ƙasa.

Zanen da ke burge mu hoto ne kawai aka buga, a samansa akwai wani siririn rufi garai-garai da ke kare shi. Wannan rufin shi ne rayuwar leda. A masu inganci ana rubuta kaurinsa a jikin kwali, milimita 0.3 ya isa ɗakin kwana, 0.5 ya fi dacewa da falo mai yawan baƙi. Ta yadi ba ta zuwa da rubutu, sai ku gwada da kanku. Ku roƙi mai shago guntu, ku karce shi da makulli. Idan zanen ya biyo makullin, babu rufin kirki. Ku lanƙwasa shi gida biyu ku matse. Idan farin layi ya fito ko ya tsage, to hunturun farko zai karya ta, don leda ƙara tauri take yi cikin sanyi. Zai ce miki, "Hajiya, wannan 'yar waje ce." Kusan dukkansu 'yan waje ne, wannan ba shaida ba ce.

Sannan ku sa hanci. Wannan ne gwajin da ya shafi lafiya kai tsaye. Sinadaran tausasa robar da na ambata, waɗanda masana ke kira fitalet, ba su manne da robar dindindin ba, suna fita a hankali su shiga ƙurar ɗaki. A 2004 masu bincike a ƙasar Suwidin suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi a kan yara 400, inda suka auna ƙurar ɗakunan kwanansu. Sun ga cewa yaran da ke fama da asma da ƙaiƙayin fata da yawan atishawa, ƙurar ɗakinsu ta fi yawan wasu nau'o'in wannan sinadari, kuma ɗakunan da ke da ledar PVC sun fi tara shi. Alaƙa suka gani, ba su ce duk yaron da ya kwana a kan leda zai kamu da asma ba. Amma Tarayyar Turai ta daɗe da hana wasu daga cikin sinadaran a kayan wasan yara, kuma daga watan Yulin 2020 ta faɗaɗa takunkumin kan nau'i huɗu zuwa mafi yawan kayan amfanin cikin gida, har da ledar ƙasa. A Amurka ma, babban kantin kayan gini na Home Depot ya sanar a 2015 cewa zai daina sayar da ledar da ke ɗauke da su. Kayan da ake kawo mana nan ba lallai ne su bi waɗannan ƙa'idoji ba, musamman masu arha da ake yin bayansu da narkakkiyar tsohuwar roba.

Ba ina ba ku tsoro ba ne, don gidana ma akwai leda. Abin da ke hannunmu shi za mu yi. Ledar da warinta ke bugun hanci kamar na sabon takalmin roba ko fetur, ku bar wa mai shago kayansa. Wadda kuka saya, ku warware ta a inuwa, a baranda ko a ɗakin da babu kowa, taga a buɗe, ta kwana biyu ko uku kafin a jera kaya. Hakan zai rage warin, ya kuma sa ta miƙe ta saba da yanayin ɗakin, ba za ta yi tudu-tudu daga baya ba. Mai ciki da jariri da mai asma kada su kwana a ɗakin da aka shafa gam a ranar. Tunda kuma ta ƙura abin ke bi, ke uwargida, goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma ya fi shara da busasshiyar tsintsiya mai tayar da ƙura, balle a hunturu. Ki shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma ko zane mai tsafta, ki wanke masa hannu kafin ya ci abinci, kada kuma a zuba masa ƙuli-ƙuli ko biskit a tsurar leda.

Batun awo ba shi da wuya. Ledar yadi yawanci faɗinta ƙafa shida ne ko mita biyu. Ɗakinmu na ƙafa 12 da 12 zai ci falle biyu masu tsawon yadi huɗu-huɗu, yadi takwas ke nan, ku ƙara rabin yadi saboda bangon da bai miƙe ba da kuma daidaita zane. Ku sa mahaɗar falle biyun ta faɗa ƙarƙashin gado ko kujera, ba a tsakiyar hanya ba.

Na ce ba a hanya ba saboda tuntuɓe. Bakin leda da ya naɗe a ƙofar ɗaki ya kayar da tsofaffi da masu juna biyu ba adadi, kuma karayar ƙugu ga dattijo ba ƙaramar jinya ba ce. A danne bakin ƙofa da ɗan siririn ƙarfe ko katako. Haka nan mai sheƙi kamar madubi, ita ce ta fi kyau a hoton jere, ita ce kuma ta fi santsi idan aka shigo da ruwan alwala a ƙafa. Idan akwai tsoho a gidan, ku shafa da tafin hannu ku zaɓi mai ɗan kaushi, a kuma ajiye abin goge ƙafa a ƙofar banɗaki.

Sai wuta, wadda a Jos ba a raba ta da hunturu. Kaskon turare, dutsen guga, risho, maganin sauro na kunnawa, duk abokan gabar leda ne. Garwashi ɗaya ya faɗo, ta huje nan take, ramin kuma ya zama mashigar ruwa da datti. Ku samu fallen tayil ɗaya ko faranti mai kauri ku riƙa ɗora su a kai. Idan leda ta kama da wuta sosai, hayaƙinta yana ɗauke da iska mai ƙona maƙogwaro da huhu. Shi kuwa gawayin jin ɗumi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, haɗarinsa ya wuce na leda nesa ba kusa ba. Yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta ɗauke shi. A ji ɗumin a waje ko taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Wajen wankewa, ruwa da ɗan sabulu sun isa, a matse tsumman sosai kada ruwa ya gangara ta mahaɗa. Masu ɗiga kananzir a ruwan guga don ɗaki ya yi ƙyalli, ku daina. Yana cin fuskar ledar, yana sa santsi, yaro kuma yana shaƙa yana lasa. Kada kuma a haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai, haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe numfashi. Sau biyu a shekara, tsakiyar damina da ƙarshenta, ku ja gado ku ɗaga kusurwa ku leƙa. Da mun yi haka a Jos Jarawa, da ba a kai wata goma sha shida ba.

Masu shiga tsofaffin gidajen gwamnati ko na kamfanonin haƙar kuza, wani lokaci za ku tarar da ƙananan fallayen roba masu tauri, murabba'i, manne da baƙin gam. Irin waɗanda aka yi kafin shekarun 1980 da yawansu akwai asbestos a ciki, sinadarin da ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru. Idan suna nan lafiya ba su farfashe ba, kada ku kankare su ko ku goge da inji. Ku shimfiɗa sabuwar a kansu.

Tsohuwar ledar da kuka yaye kuma, kada a ƙona ta a tsakar gida ko a hura murhu da guntayenta, kamar yadda na ga wasu masu tuya na yi da safe. Kada kuma a tura ta kwata, don da irinta magudanai ke toshewa idan ruwan Agusta ya sauko. A naɗe ta a ɗaure, a ba masu kwasar shara, ko a yanka wurin da bai lalace ba a rufe itacen girki da shi.